Kawuna ɗan kwangila ne, ni ke riƙe masa takardu: in zauna ko in tafi?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne daga Birnin Kebbi, shekaruna 29. Na yi HND a fannin ƙididdigar gini, kuma tun da na gama bautar ƙasa nake aiki da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana kwangilar gine-gine. Shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Ba ni da albashi tsayayye, abin da ya miƙo shi ne nawa, amma ni ke fitar masa da farashi, ni ke bin fayil a ofis, ni ke lissafin magina da leburori.

Yanzu muna da aikin ajujuwa a wani ƙauye kusa da fadama. Bayan an sa hannu siminti da rodi suka ƙara tashi. Ana cikin haƙa, jami'in da ke duba aikin ya ce a ƙara zurfin harsashi saboda ƙasar wurin laka ce, daga baya ya ce a ƙara baranda. Da baki ya faɗa, muka yi. An yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai ga komai a rubuce ba. Kuɗi sun ƙare, gini ya tsaya a linta. Kawu ya ce in shirya takardar neman biya mai nuna mun buga kwano, wai akwai mai sa hannu, in kuɗin sun fito sai mu buga. Da ya ga ina jan ƙafa sai ya ce, "Wanga boko naka ya fara yawa."

Ana haka wani kamfanin gini a Kaduna ya ce in zo in zama mataimakin mai kula da kwangilolinsu. Mahaifiyata ta ce in na bar kawu a wannan hali na yi butulci. Iyayen yarinyar da nake nema kuma suna ta tambayar mene ne takamaiman aikina. Malam, kula da kwangila sana'a ce da mutum zai dogara da ita? Yaya zan yi?

Ɗanka, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗana.

A cikin duk abin da ka zayyano, abu ɗaya ne ba ya jiran gobe, da shi zan fara. Takardar nan ta kwanon da ba a buga ba, kada ka rubuta ta. Ba zan tsaya yi maka wa'azi ba, ka san hukuncinta tun kana makarantar allo. Abin da wataƙila ba a taɓa gaya maka ba shi ne yadda irin wannan takarda take ƙarewa.

Kawunka yana ganin rance ne na 'yan makonni: kuɗi su fito, a sayo kwano, a buga, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Amma kuɗin da suka faɗo hannun ɗan kwangilar da bashi ya yi wa katutu ba sa zuwa inda aka yi niyya. Mai bulo yana jira, mai tifa yana jira, birkila kullum yana sallama a ƙofar gida, wanda ya sa hannun ma yana jiran nasa. Kafin a kai shagon mai kwano rabi ya tafi. Sai a wayi gari fayil yana cewa gini ya kai rufi, gini kuwa yana tsaye a linta ruwa na dukansa. Mafi muni, daga ranar kun rufe wa kanku bakin neman haƙƙinku na gaskiya. Duk wanda kuka je wa da maganar harsashi da baranda zai ce a je a auna, ku kuwa a lokacin babu abin da kuke tsoro kamar awo. Wato don a ci kuɗin kwanon da ba a buga ba, za a yi asarar kuɗin simintin da aka zuba da gaske.

Sannan ka duba sunan wa zai hau takardar. Kawu zai iya cewa shi bai iya lissafin boko ba, yaronsa ne ya rubuta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin ayyukan mazaɓu da na gwamnati ƙauye-ƙauye tana dubawa, kuma da 'yan sana'arka na ƙididdigar gini take zuwa, da tef ɗinsu a hannu. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin gwamnati, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara ga wanda ya aikata laifukan da ta lissafa, cikinsu har da amfani da takardun bogi. Kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Dokar tana hawa kan aikin tarayya da duk aikin da kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa ko fiye ya fito daga tarayya, jihohi kuma suna da nasu dokokin. Na san za ka ce ai kullum ana yi ba a kama kowa. Ana yi. Amma ranar da aka tashi neman wanda za a nuna, ba a fara wa da mai uwa a gindin murhu, da mai ƙaramin suna a ƙasan takarda ake farawa.

To, ƙin rubutawa kaɗai ba zai fitar da kawunka daga rami ba, kuma in ka tsaya a "ba zan yi ba" ka bar shi da matsalarsa, yana da hujjar jin haushinka. Ka je masa da wata hanyar kuɗi a hannunka.

Aikin da kuka ƙara yana nan bai gudu ba. Baranda ido na ganinta. Harsashi kuwa in aka haƙa ɗan rami a gefen gini a wuri biyu ko uku, zurfinsa zai bayyana. Ka rubuta wa hukumar wasiƙa da sunan kamfanin, kawu ya sa hannu, ka faɗi ranar da aka ba da umarnin, da wanda ya ba da shi, da dalilinsa, ka roƙi a turo a yi awo tare. Ka kai da kanka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Jami'in farko canjin wurin aiki aka yi masa, yana raye, yana da waya. Ku je ku same shi kai da kawu cikin mutunci, ku roƙe shi layi uku a rubuce cewa shi ya ba da umarnin saboda yanayin ƙasar. Injiniyan kirki ba ya jin kunyar cewa ya sa an ƙara harsashi a laka, abin yabo ne a wurinsa. Ka tattara rasit na siminti da rodi na makonnin, da littafin biyan leburori, da hotunan da ke wayarka da ta birkila, da duk saƙon WhatsApp da ya taɓo maganar. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta ko waya in an cika sharuɗɗansa, don haka kada ka raina su. Farashin ƙarin aikin kuma ka ɗauko shi daga takardar ƙididdigar da aka sa wa hannu, wadda kuke kira BOQ: abin da aka amince za a biya a kan kowace mita ta kankare, shi za ka ninka. In ka fara cusa sabon farashi a nan, ka ba su ƙofar watsi da duka.

Ba na yi maka alkawarin za a biya komai. Umarnin baki rauninsa ke nan, kuma baranda ta fi harsashi wuyar karewa, don za a iya cewa ado ce ba larura ba. Amma rabin kuɗin halal da za a iya bi har gaban kowa ya fi abin da kawu yake shirin karɓa.

A lokaci guda ka shirya takardar neman biya ta gaskiya, har linta. Ka duba yarjejeniyarku ko ta yarda a biya kuɗin kayan da aka sauke a wurin aiki ba a kai ga amfani da su ba, da yawa sun yarda. In haka ne, kawu ya nemi dillalin da ya saba da shi ya sauke katako da kwano bashi, a lissafa su a matsayin kayan da ke ƙasa. Ka ga an sami kuɗin kwano ba tare da an ce an buga shi ba. Ka kuma rubuta neman ƙarin wa'adi, ka jingina shi da ƙarin aikin da aka sa ku, don yawancin yarjejeniyoyi suna da tarar jinkiri da ake yanka kowace rana ko kowane mako, kuma ba a yafe ta don an san halin da ake ciki sai an nema a rubuce.

Maganar tashin siminti kuwa, ka shirya jin abin da ba ka so. In kwangilar mai tsayayyen farashi ce, kamar yadda akasarin ƙananan ayyuka na 'yan watanni suke, asarar ta kawu ce. Ko a ayyukan Bankin Duniya, sai aiki ya wuce wata 18 ake wajabta sharaɗin daidaita farashi. 'Yan kwangila da yawa sun koyi wannan karatu da tsada bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya, lokacin da buhun siminti ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024, duk da ga masana'antar siminti ta Kalambaina nan Sakkwato kusa da ku. Yi lissafin da kanka: a ce aikin naira miliyan 60 ne mai cin buhu 1,200. Ƙarin 5,000 a kowane buhu miliyan 6 ke nan, kashi 10 cikin 100 na kwangilar, wato kusan duk ribar da aka sa rai, ba a ma zo kan rodi da dizal ba. Shi ya sa kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar tarayya ta ƙayyade a kashi 15 cikin 100 na kuɗin aiki kafin a ɗaga shi zuwa 30 a dokar kuɗi ta 2020, ba na sayen mota ba ne ko biyan bashin aikin bara. Ranar da ya shigo ake kulle farashin rodi da kwano, tunda su suna ajiyuwa. Siminti ba ya son dogon zama, bayan kamar wata uku ƙarfinsa yana raguwa, sai a biya dillali a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan.

Ka tambaye ni ko kula da kwangila sana'a ce. Duk abin da na lissafa maka daga wasiƙar awo zuwa nan, ita ce sana'ar. Mutanenmu da sun ji kwangila sai su hango mai babbar riga yana zarya a sakatariya. Wancan ɗan kwangila ne, jarinsa sanin mutane, kuma kasuwarsa tana tashi tana faɗuwa da gwamnati. Mai kula da kwangila shi ne wanda yake karanta yarjejeniya kafin a sa hannu ya ce wannan sharaɗin zai kashe mu. Shi yake sanin ranar da kowane wa'adi zai cika, ya rubuta yarjejeniya da mai walda da mai wayarin da mai fenti, ya san nawa zai shigo wata mai zuwa nawa zai fita. Shi yake tuna cewa akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin da hukuma ta riƙe, rabi a saki in an miƙa gini, rabi bayan wa'adin gyaran kurakurai, ya bi shi har ya fito. Za ka yi mamakin yawan 'yan kwangilar da suke mantawa da wannan kuɗi a hannun hukuma shekara da shekaru.

A manyan ayyuka abin ya fi haka tsanani. Tsarin yarjejeniya na FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan hanyoyi da madatsun ruwa da ayyukan masu ba da lamuni na waje, ya ba ɗan kwangila kwana 28 ya sanar a rubuce daga ranar da ya san wani abu ya faru da zai ja masa ƙarin kuɗi ko lokaci. In kwanakin suka wuce, haƙƙin ya faɗi, ko da kowa ya shaida gaskiyarsa. Ambaliya irin ta 2020 ta cinye hanyar kai kaya, ko rashin tsaro ya kori ma'aikata daga wurin aiki kamar yadda ake fama a Zamfara da yankin Zuru, duk akwai sharaɗin da ya tanade su, amma sai an sami wanda ya rubuta a kan lokaci, da littafin da ake cikewa kullum a wurin aiki: yau an yi ruwa daga ƙarfe kaza zuwa kaza, lebura nawa suka zo, wa ya ba da wane umarni. Kamfani yana biyan mutum albashi mai kyau saboda wasiƙa ɗaya irin wannan tana iya ceto abin da ya fi albashinsa na shekara.

Aikin kuma akwai shi, har a gida. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a 2024 ta ratsa Kebbi. Jihar tana cikin shirin AGILE na makarantun 'yan mata da RAAMP na hanyoyin karkara, dukansu da kuɗin Bankin Duniya, kuma masu irin wannan kuɗi ba sa wasa da takarda. Ga gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jami'o'in Kalgo da Aliero da kwalejin Waziri Umaru. Kuma ba lallai ka ƙare a ɓangaren ɗan kwangila ba: hukumomi suna da sashen ba da kwangila, akwai ofisoshin masu ba da shawara, akwai sasanta rikicin kwangila a wajen kotu, wanda aka yi wa sabuwar doka a 2023.

Wahalarta ma kada in ɓoye maka. Kamfanonin gini da yawa albashinsu yana bin biyan gwamnati, in fayil ya kwanta kowa ya kwanta. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 jinkiri ne mai jawo kuɗin ruwa, amma ɗan kwangilar da ke son a sake ba shi aiki ba kasafai yake tayar da wannan magana ba. Za ka yi zaman daji, za ka yi faɗa da injiniyoyin kamfaninku da suke ganin kai mai kawo cikas ne. Kuma abin da kawu ya nema a wurinka, wani zai sake nema a Kaduna, da Turanci mai daɗi. Wanda ba ya iya cewa a'a yana murmushi ba zai daɗe a wannan kujera da mutuncinsa ba.

Game da tafiya, ra'ayina ka tafi. Babban dalilina ba albashi ba ne. A wurin kawu babu wanda ya fi ka sanin wannan aiki, kuma ɗan shekara 29 da ya zama shi ne malami a inda yake ya daina ƙaruwa. HND ɗinka mafari ce. Kana bukatar shiga ƙungiyar masu ƙididdigar gini ta NIQS, wadda take tun 1969, ka bi matakan jarrabawarta, ka sami rajistar QSRBN, hukumar yi wa 'yan sana'ar rajista da dokar 1986 ta kafa, kafin sa hannunka ya yi nauyi a ko'ina. Hanyar tana son ka yi aiki a ƙarƙashin mai rajista da zai shaidi abin da ka yi. Shekarun da ka yi da kawu sun koya maka abin da aji ba ya koyarwa, ka san buhu nawa birkila yake ci a yini, ka san inda siminti yake zurarewa tsakanin sito da wurin kwaɓi, amma babu mai sa maka hannu a kansu.

Sai dai tunda kwangila za ka je kulawa, fara da taka. Kada ka ɗaga ƙafa sai da takardar ɗauka a hannu: albashi nawa, ranar biya, watannin gwaji, fansho, wa zai ɗauki masauki in an tura ka wurin aiki. Ka tambayi sunan wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa ka bincika ko yana da rajista. Ka nemi wani ƙaramin ma'aikacinsu a gefe, direba ko mai sito, ka tambaye shi wata nawa suke bin kamfanin. In suka yi ta kwana-kwana a kan ba ka takarda, ka san irin gidan kawu ne za ka faɗa, ba tare da zumuncin ba. Ka kuma roƙe su makonni kaɗan kafin ka fara, ka ce akwai fayil da za ka rufe. Kamfanin da ya san darajar aikin, wannan roƙon zai ƙara maka kima a idonsa.

Makonnin nan na kawu ne. Ka shigar da wasiƙar awo, da takardar biya ta gaskiya, da neman ƙarin wa'adi. Ka jera masa takardun kamfaninsa a fayil ɗaya, rajistar kamfani ta CAC da shaidar biyan haraji da ta hukumar fansho PenCom da asusun horar da ma'aikata ITF da na inshorar ma'aikata NSITF, ka rubuta ranar da kowace za ta ƙare. Ka zaɓi yaro ɗaya mai hankali cikin 'ya'yansa ko yaransa ka koya masa cike littafin wurin aiki, da ƙa'ida guda: duk umarnin da jami'i ya bayar da baki, a tura masa shi a rubuce a ranar, "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce yau a yi kaza." In kawu ya sake kiran abin boko, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har da kafa shaidu. Ka faɗa sau ɗaya ku biyu, ba a gaban yaransa ba.

Hajiya kuwa tsoronta ba na kwangila ba ne. Tana tsoron a ce ɗanta ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta, ita kuma ta rasa idon kallon ƙanenta. Kada ka kai mata labarin takardar kwano don ka ci gardama. Asirin kawunka ne, in ya shiga cikin gida ba ya fitowa, kuma ba za a yafe maka tona shi ba ko bayan an manta da ajujuwan. Ka fara samun kawu shi kaɗai, bayan wasiƙun sun shiga ya ga amfaninka da idonsa, ka nemi izininsa da albarkarsa a matsayin uba. Ka ce masa karatun da ya biya bai ƙarasa ba sai da rajista, rajistar kuma ba ta samuwa a Birnin Kebbi a hannunsa, kuma duk yarjejeniyar da zai sa wa hannu nan gaba ya turo maka ka karanta kafin ya sa. Ka cika wannan alkawari, amma ka sanar da sabon kamfaninka, kuma ranar da su da kawu suka nemi aiki ɗaya ka janye hannunka daga nasa. In kawu da kansa ya je ya ce wa yayarsa shi ya sallame ka, maganar butulci ta mutu. In ya ƙi, ka nemi babba a dangin da yake jin nauyinsa, ka ba abin lokaci, amma kada ka bar takardar ɗaukar ta lalace kana jira.

Surukanka kuma ba dogon bayani suke nema ba. Suna so su san ko akwai abin da ke shigowa ƙarshen wata. Waliyyinka ya gaya musu kai ma'aikacin kamfanin gini ne mai lissafin aiki da kula da yarjejeniyoyinsa, ga takardar ɗauka. Ranar aure kuwa a sa ta bayan ka wuce watannin gwaji.